Ƙudana a Tallan Zuma

Masu turo min saƙo cewa ina wulaƙanta bawan Allah, na ga saƙonninku. Har da wadda ta rubuto wai mace mai shekara ashirin da tara ba ta da bakin zaɓe, sai dai ta ce Allah ya amfana. Na gode. Ku gyara zama ku ji abin da ya faru ranar Asabar. In na gama, duk mai tausayinsa ta turo min lambarta in haɗa su, ba na son tukuici.

Saboda sababbin zuwa, sunana Mastura, 'yar Balik Pulau ce ni, can bayan dutse a tsibirin Pinang. Ina karatun digirin dakta a wani ɗakin bincike a cikin George Town, aikina kuwa ƙuda ne. Ba ƙudan bola ba, 'yan mitsi-mitsin nan masu jan ido da ke yanyame ayaba in ta nuna ta wuce kima. Shekarata ta huɗu ke nan ina bin diddigin wata ƙwayar gado da ke zaune a matsayin mai ba da umarni. Ita ke cewa a gina ido a nan, sauran su tashi su kama aiki. In ka lalata ta, ƙudan ya fito da kai sumul, babu ido babu alamarsa. In ka tashe ta a inda ba wurinta ba, sai ka ga ido ja jawur ya tsiro a ƙafa ko a fiffike. 'Yar'uwarta tana jikin ɓera, tana jikina, tana jikinku. Amma Mak, mahaifiyata, in aka tambaye ta aikina sai ta ce, "Kiwon ƙuda take yi," ta yi sauri ta sauya magana.

Shi kuma mutumin, sunansa na yanka Shahrizal, a waya Dakta Zal. Makarantar da ta ba shi daktan nan ban san ta ba, shi ma ba na jin ya san hanyarta. Abin da na sani, ba a daɗe ba yana goge tabarau a wani shago a Bayan Lepas. Yanzu zuma yake ɗurawa a 'yan kwalabe wai ana ɗigawa a ido. Ya ɗinka farar riga irin ta likitoci, ya rataya abin sauraron ƙirji a wuya. Mai maganin ido da abin sauraron ƙirji. Ku auna da kanku. A wani biki Mak ta gan shi, ya sumbaci hannunta, ya ɗauki jakarta har mota, shi ke nan ta samu suruki. Asabar ɗin nan ce ranar da danginsa za su kawo zoben tambaya.

Da sassafe na fara zuwa ɗakin bincike saboda 'yan mata. Kada ku yi dariya, haka muke kiransu. In za ka haɗa iri biyu na ƙuda, dole macen ta zama ba ta taɓa sanin namiji ba, su kuwa ba su san jira ba, rabin yini ya ishe su. Don haka safe da yamma sai na je, in busa musu iskar da ke sa su barci, in zube su a faranti a ƙarƙashin madubin da ke ƙara girma, in ware matan da ɗan burushi mai laushi. Mak takan ce na aurar da ƙuda ya fi dubu, ni kuwa ko tayi babu.

Ina cikin warewa waya ta fara rawa a aljihun rigar aiki.

"Salam sarauniyar Abang." Da furanni jere kamar an buɗe shago.

"Abang ya kasa cin abinci. Yau ce ranar."

"Ki sa rigar da Abang ya aiko, sayang. Launinta ya dace da na kamfani."

Na kamfani. Na ja tsaki har wata 'yar ƙuda ta mirgina daga faranti. Mutumin nan bai iya cewa "ni" ba, kullum Abang kaza, Abang kaza, sai ka ce wani yake ba ka labarinsa. A wurinmu Abang yaya ne, da shi mace ke kiran miji, sayang kuwa masoyiya.

Sai na ji ƙarar silifa a bayana. Dakta Ooi ce, shugabar ɗakinmu, gajeruwar mace mai furfura, wadda ban taɓa ganinta da kwalliya ba, ban kuma taɓa jin ta ɗaga murya ba. Ba ta zuwa ranar Asabar. Ta ajiye filas ɗin kofinta a kan tebur, ta jira na mayar da ƙudan cikin kwalba na toshe da auduga, sannan ta miƙo min wayarta.

Kawunan ƙuda biyu ne a jere. Na hagu sumul babu ido, na dama da jan idonsa cikakke, ƙwayoyinsa a jere kamar an shirya su da hannu. Na san su fiye da yadda na san fuskata. Akwai wani ɗan guntun wuri kusa da ƙwayar gadon nan da babu wanda ya kula da shi. Na cire shi, ƙuda suka fito babu ido. Na yi fama har na mayar da shi, 'ya'yansu suka fito da ido. Shekara huɗu na rayuwata ke nan a hoto ɗaya, ba mu kai ga buga shi ba, ga kuma wasu a Singapore suna bin wannan hanyar.

A saman na hagu an rubuta KAFIN. A saman na dama, BAYAN SATI BIYU DA ZUMAN IDO NA DAKTA ZAL. A ƙasa kuma: "Kimiyya ta tabbatar. Wadda zan aura da kanta ta gwada." Ko yanke gefen hoton bai yi ba, ga sunana da na Dakta Ooi nan ɓaro-ɓaro.

Ta ce, "Saurayinki ne?"

Na ce, "Na Mak ne, Dakta."

Ba ta yi dariya ba. "Ta ina ya samu?"

Na sani tun kafin ta rufe baki. Ranar da idon ya dawo, farin ciki ya ɗebe ni na tura hoton a guruf ɗin gidanmu, na rubuta a ƙasa da manyan baƙaƙe cewa kada a tura wa kowa. A wurin Mak kuwa Dakta Zal ba kowa ba ne.

Dakta Ooi ta ɗauki filas ɗinta. "Ba ruwana da wanda za ki aura, Mastura. Mutanen Singapore ma ba su ne suka hana ni cin karin kumallo ba. Wata tsohuwa za ta ga sunana a nan, ta ce malaman jami'a sun yarda, ta ɗiga zuma a idonta. Ya sauke shi kafin Litinin, ya fito ya ce ƙarya ya yi. In ba haka ba dole in rubuta wa shugaban sashe yadda hoton ya fita, sunanki kuma zai shiga ciki. Ba don ina so ba."

Ta kai bakin ƙofa ta juyo. "Idon ya yi kyau a hoton, duk da haka."

Na kira Zal, bai ɗauka ba. Na sake. Sai ga saƙon murya, da kiɗa a bayansa.

"Sayang, Abang yana shirin kai-tsaye. Kin ga hoton ko? Jama'a sai rububi suke. Shekara nawa kina ɓoye ƙudan nan a kwalba babu wanda ya san su, Abang ya fito da su duniya a dare ɗaya. Ba sai kin yi godiya ba."

Na ɗauki mukullin 'yar motata. Hanyar dutse duk kwana-kwana ce, ga wata babbar mota a gabana tana tafiyar hawainiya, ga masu sayar da durian, ɗan itacen nan mai ƙaya, sun cika gefen titi da baƙi. Na rubuta masa baƙar magana a kaina ta fi kala goma, na goge. Zagi ba ya kama irinsu, gwano ba ya jin warin jikinsa.

Gidanmu na katako ne, irin mai dogayen ƙafafu, ana hawa da matakala. Tun daga ƙasa na ga sababbin labule. Mak ta cire ledar da ke kan kujerun falo, ledar da ta rigaya ƙanena zuwa duniya. Ta fito da kofunan nan masu bakin zinariya daga kabad ɗin gilas, waɗanda ko da Idi kallonsu kawai muke yi. Gidan ya gauraye da ƙamshin laksa, romon taliyarmu mai kifi da tsamiya da na'a-na'a. A kan tebur ga kuih, kayan zaƙinmu, kala-kala, kore da fari da mai kwakwa, ga tulun gilas na lemon gyaɗar ƙamshi yana zufa.

Na sami Mak a kicin tana yanka abarba.

"Mak, ke kika tura wa Shahrizal hoton ƙudana?"

"Dakta Zal," ta gyara min. "Wanke hannu ki tsinke min ganyen can."

"Mak, na ce kada a tura wa kowa."

"To mene ne? Hoton ƙuda ne fa, Mas, ba hoton tsiraici ba. Na nuna masa ne ya san 'yata ba zaman banza take yi ba. Yaro ya ɗaukaka ki, ya kira ki matarsa a gaban duniya, kin zo kina huci."

"Za su iya korata."

"Sai ki huta. Ya ce zai buɗe miki ofis a kamfani, da na'urar sanyaya ɗaki, ki riƙa sa farar riga kuna fitowa tare."

Na tsaya ina kallonta. Ido wa ka raina, ya ce wanda nake gani yau da gobe. Ni da ta haifa, na yi shekaru ina karatun ido, mai kiwon ƙuda ce. Wanda ya sumbaci hannunta a biki shi ne dakta.

A kan gadona na tarar da rigar a shimfiɗe, an goge ta har tana ƙyalli. Baju kurung ce, doguwar riga da siket irin tamu, ruwan zuma, yadin mai santsi mai tada zufa, a bakin hannu an yi mata aikin zaren zinariya, ƙananan ƙudan zuma suna bin juna. Ɗankwalin ma ruwan zuma, da fil mai siffar ɗigo. Da ya manna min farashi a goshi da an gama. Na yi niyyar fita da wandon aikina yadda nake, sai na ji Abah yana ƙwanƙwasa ƙofa a hankali. Mahaifina direban bas ne da ya yi ritaya, mutum ne da in ya yi magana biyar a yini to an yi hira.

Ya ce ta bayan ƙofa, "Ki sa, Mas. Ki fito ki gaida mutane. Abin da za ki faɗa, ki faɗa bayan an sha shayi."

Don shi na sa.

Bayan azahar suka iso a farar mota doguwa, da hoton fuskar Zal manne a gilashin baya yana nuna kwalba. Uwarsa, Puan Zaharah, ta hawo matakala awarwaro yana kuka tun daga wuyan hannu har gwiwar hannu, tana duba katakon gidanmu kamar mai neman gara. Sai kawunsa, wani dattijo mai tari. A al'ada namiji ba ya biyo masu kawo zoben tambaya, yana gida yana jiran labari. Amma ina. Ga shi nan a baya, riga da wando ruwan zuma irin nawa, gemu kamar da rula aka ja shi, haƙora farare fat sai ka ce tayil ɗin banɗaki, turarensa ya riga shi shiga falo ya kori ƙamshin laksa. A hannunsa sanda mai ƙafa uku da fitilar nan mai zagaye. Ya matsar da hoton auren Mak da Abah daga kan tebur ya kafa wayarsa.

"Don tarihi, Mak," ya ce. Mak ta washe baki.

Ina leƙe ta labulen kicin kawun ya gyara murya, ya ce sun hango fure a lambun gidan nan, sun zo su ji ko wani ƙudan zuma ya riga ya sauka a kai. Maganar da kowa ke yi ce tun kaka da kakanni, amma Zal ya kalli wayarsa ya kanne ido ɗaya, wai an ambaci zuma. Puan Zaharah ta buɗe ɗan akwatin zobe ta ajiye a tsakiyar tebur, ta juya shi ya fuskanci fitila.

Mak ta kira ni. Na fito da tiren shayi, na durƙusa na gaida manya, na sumbaci hannun uwarsa, zobbanta suka kusa fasa min leɓe. Na zuba musu. Na jira kawun ya kurɓa, tunda Abah ya ce bayan shayi.

Na ce, "Abang, ka sauke hoton nan yanzu."

Ya yi dariya yana kallon uwarsa. "Kun ji ta ko? Mace mai ilimi. Bayan an gama, sayang."

"Tambaya ɗaya gare ni. Ƙudan na hagu ba shi da ido. A ina ka ɗiga masa zuman?"

Kawun ya ƙware da shayi. Mak ta zabga min harara da za ta iya tsinka igiya. Shi kuwa ko a jikinsa. Ya haɗa yatsun hannuwansa kamar yadda yake yi a shirinsa.

"Ai kimiyya faɗi gare ta, sayang. Zuma tana tada ƙwayoyin halitta masu barci. Ke kina kallon abu ta ƙaramin madubi, Abang yana kallonsa ta sama."

"Ƙudan da ke dama ɗan na hagu ne. Bai taɓa ganin zumarka ba, garin masara da yis yake ci."

"To ai gado ke nan," ya ce, kamar ya kama ni. "Kin ga kin dawo kan maganar Abang."

Puan Zaharah ta kaɗa awarwaro. "Haka take da musu kullum? Ɗana yana taimakon al'umma, ita tana lissafin ƙuda."

"Bari, Mama, za ta koya." Ya juya ga wayarsa, ya gyara zamanta ta fuskanci kujerar Abah. "Ni ba ma sai da ƙuda ba. Ga shaida zaune a gabanmu. Abah, faɗa musu. Wata uku ke nan Abah ya ajiye maganin asibiti, zumana kaɗai yake ɗigawa. Ku dubi idon dattijo, tar."



Abah yana da hawan jinin ido. An gaya mana tun farko cewa maganin ɗigawar nan safe da yamma ne har ƙarshen rayuwa, in an daina ruwan ido zai matse jijiya ta mutu a hankali, babu zafi, babu sallama. Da ni nake kai shi asibiti. Da na koma kwana kusa da ɗakin bincike, Mak ta karɓi aikin.

Na kalli Mak. Ta sunkuyar da kai tana gyara faranti.

Na kalli Abah. Yana zaune da hularsa baƙa da zaninsa na Juma'a, hannuwa a kan gwiwa. Sai lokacin na lura gefen idanunsa ja ne, gashin idon ya manne. Na zuba shayi a kofi, na zaga ta hagunsa, na miƙa masa daidai kafaɗa. Na riƙe. Kofin yana nan kusa da kumatunsa, tururi yana tashi. Bai motsa ba. Na ci gaba da riƙewa.

Mak ta ce a hankali, "Abah, ga shayi."

Ya juya dama. Ya dawo tsakiya. Sai da ya juyo da kansa gabaki ɗaya sannan ya gan ni.

Ku saurara da kyau, masu tausayi, ga abin da nake so ku riƙe. Falon ya yi tsit, kowa yana kallon Abah. Mutum ɗaya ne ya motsa. Dakta Zal ya miƙa hannu da sauri ya kashe wayarsa. Bai tambayi Abah me yake gani ba, bai taso ya duba shi ba. Waya ya kashe. Da ina ɗaukarsa jahili mai baki. A nan na gane ya san abin da yake sayarwa.

Sannan ya dawo da murmushinsa. "Dattin ido ne ke fita. Kafin waraka dole gani ya ɗan ja baya, duk masu amfani da shi..."

Na katse shi. "Abah, tashi mu tafi."

Puan Zaharah ta ce, "Haka ake tarbar baƙi a gidan nan? Zobe a kan tebur?"

Ban tanka mata ba, don in na buɗe baki sai an yi shekara ana ba da labari a masallaci. Abah ne ya miƙe da kansa, ya dafa hannun kujera, ya ce, "Ku yi haƙuri, ku ci abinci. 'Yata za ta kai ni unguwa." Na shiga ɗakinsu na ɗauko kwalbar zuman daga kan madubi. Maganin asibitin na gan shi a bayan kabad, ko buɗe na ƙarshe ba a yi ba. A matakala ya riƙe hannuna, abin da bai taɓa yi ba.

Mun hau dutse kafin ya yi magana.

"Na kwana biyu ina buge ƙofar banɗaki da wannan kafaɗar."

"Me ya sa ba ka faɗa ba, Abah?"

"Yana da raɗaɗi, zuman. Na gaya masa, ya ce aikin ke nan yake yi. Ya ce na asibiti ne ke busar da jijiya." Sai ya ƙara da cewa, "Yaro ya kawo da hannu biyu, Mas. Duk zuwan da zai yi sai ya tambaya a gaban Mak ɗinki. Ita kuma rabon da in ga tana waƙa a kicin tun kina firamare. In ce musu me?"

Na dai ƙara mai.

A asibiti mun yi zaman jira mai tsawo kafin likitar ido ta zo, wata matashiya mai suna Dakta Thilaga, gashinta a ɗaure da roba, alamar ba ta zauna ba tun safe. Ta kalli rigata, ta kalli ƙudan zuman da ke bakin hannuna.

"Daga biki kuke?"

"Daga talla," na ce, na ajiye mata kwalbar.

Ta juya ta, ta karanta, ta saki wani ɗan numfashi ta hanci. "Kai ne na uku a watan nan, Pak Cik," ta ce wa Abah, wato kawu, yadda muke kiran dattijo. Ta sa kwalbar a leda ta rubuta wani abu a kai. Ta auna matsin idon, ta haska ciki, ta sa shi ya bi yatsanta dama da hagu. Ni da nake kallon ido kullum a madubi, na tsaya a jingine da bango kamar wadda ba ta taɓa shiga aji ba.

Ba ta yi kwana-kwana ba. Ta ce na hagu jijiyar ta tafi, sai ɗan abin da ba a rasa ba a tsakiya, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa. Na dama ana iya riƙe shi in aka koma magani yau, aka kuma kashe ciwon da zuman ya jawo. Ta ce za ta kai rahoton kwalbar inda ya dace, ta tambaye ni ko zan yarda a kira ni. Na ce ta rubuta lambata da babban biro.

Muna zaune a benci muna jiran magani, Abah ya juyo da kansa duka ya kalle ni.

"Mas. Wancan ƙudan da kika mayar wa ido."

"Na'am, Abah."

"Nawa fa?"

Na ce, "Shi ma ban mayar masa ba, Abah. Wanda ya rasa ya rasa. 'Ya'yansa ne suka fito da shi."

Ya gyaɗa kai a hankali, kamar an faɗa masa lokacin tashin bas. "To. Alhamdu lillahi da na dama."

Sai waya ta yi rawa. Wa kuke tsammani?

"Sayang, Abang ya yafe miki abin da kika yi a gaban Mama. Mace in tana cikin zumuɗi haka take."

"Maganar hoto kuwa, tsakanin miji da mata babu nawa babu naki. Ki karɓi zobe, sai mu zauna mu duba."

"Ki gaida Abah. Kada su ruɗe shi da sinadari."

Na duba shafinsa. Hoton yana nan, har ya maƙala shi a sama. Wata a ƙasa tana tambaya ko yana yi wa yanar ido, ya ba ta amsa da "Insha Allahu, Kak," wato yaya, da lambar oda. Na ɗauki hoton saƙonninsa duka uku na tura wa Dakta Ooi. Ta amsa da kalma biyu: "Na gani." Ko wannan zai cece ni ranar Litinin, ban sani ba. Shi kuwa ban ba shi amsa ba. Ƙuda wajen kwaɗayi akan mutu, ni na fi kowa sanin haka, kullum ina kwashe gawarsu daga cikin abinci.

Da la'asar sakaliya Mak ta kira. Na bar ta ta yi ƙara har ta kusa tsinkewa, sannan na ɗauka.

"Sun tafi," ta ce. Muryarta ba irin ta kicin ba ce.

"Zoben fa?"

"Uwar ta ƙi karɓa. Na ɗaure mata kuih a leda, na jefa akwatin a ciki. Ta gani in ta isa gida." Sai ta ce, "Me likita ta ce?"

Na gaya mata yadda aka gaya min, ban rage ba, ban sa mata sukari ba. Na ji ta ja kujera ta zauna. Na jira kuka, ko faɗa, ko ta ce ƙaddara ce. Babu ko ɗaya.

"Mas."

"Ina ji, Mak."

"Yaron nan ya ba ni kwali guda in raba wa matan da muke karatu tare a masallaci. Na raba. Na ce musu surukina likita ne, 'yata ma ta gwada." Sai ta ƙara da cewa, "A cikinsu Mak Cik Timah ta karɓi biyu. Ɗaya nata, ɗaya na jikarta, jaririyar nan da aka yi suna kwanan baya, wai idonta yana kwantsa."

Na miƙe tsaye, jakar maganin Abah ta faɗi ƙasa.

"Na sa ɗankwalina, ina bakin matakala," in ji Mak. "Na san gidan kowacce. In kin kawo Abah, kada ki kashe motar."